Darasin Malama Luper da yara 13 na Oklahoma

Akwai darasin da malami ke bayarwa, da zarar an kaɗa ƙararrawa ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya kama hanyar gida, babu abin da zai biyo shi. Lissafi haka yake, labarin ƙasa ma haka. Darasin hakkin ɗan ƙasa kuwa ba ya tsayawa a bakin ƙofar aji. Duk malamin da ya tsaya gaban yara ƴan shekara 12 zuwa 15, sa'o'in waɗanda ke cike da azuzuwan kolejin CEG, ya shaida musu cewa doka ta ɗauki mutane duka daidai, to ya ci bashi ke nan, kuma masu bin sa bashin ba su san a yi haƙuri sai baɗi ba. Babba in ya ji irin wannan magana gyaɗa kai yake yi, domin ya daɗe da sanin ratar da ke tsakanin abin da takarda ta ce da abin da ake yi a kasuwa. Yaro bai kai ga wannan sanin ba tukuna. Abin da aka faɗa masa shi yake riƙewa, ya fita da shi waje ya gwada.

Wata malamar tarihi a ƙasar Amurka, mai suna Clara Luper, ta ci irin wanga bashi, ta kuma shekara 6 tana biyansa a kan tituna da cikin kantunan birnin Oklahoma. An haife ta a 1923 a jihar Oklahoma, ta tashi a wani ƙaramin gari mai suna Hoffman. Mahaifinta tsohon soja ne da ya yi yaƙin duniya na farko, mahaifiyarta kuwa wanki take yi ana biyanta. Jihar da ta buɗe ido a cikinta ba ta ɓoye aƙidarta ba: a 1907, shekarar da Oklahoma ta zama jiha, dokar farko da majalisarta ta fara da ita ita ce ta raba baƙar fata da farar fata a cikin jirgin ƙasa da ɗakunan jiransa. Daga nan abin ya bi makarantu, da asibitoci, da gidajen abinci, har wurin shan ruwa. Clara ta yi karatu a jami'ar Langston, wadda aka keɓe wa baƙaƙen fata, ta gama a 1944. Bayan nan ta shiga jami'ar Oklahoma, inda ba da jimawa ba aka daina zaunar da ɗalibi baƙar fata a gefe shi kaɗai, don kuwa sai da wani dattijon malami mai suna George McLaurin ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya yi nasara a 1950. Ita kuma ta fito da babban digirinta na koyar da tarihi a 1951.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane irin wulaƙancin da ake yi a birnin Oklahoma a wancan zamani, domin a kan ciniki aka gina shi. Ba a hana baƙar fata shiga kanti ba. Ya shigo, ya zaɓi kaya, ya biya, a karɓi kuɗinsa a jefa cikin akwati ɗaya da na kowa. Manyan kantunan magani na can a lokacin suna da dogon tebur da jerin kujeru inda ake sayar da abinci da lemo; shi ma ana sayar masa, amma a ƙunshe cikin takarda, ya fita waje ya ci a tsaye. Wato kuɗinsa halal ne, zamansa ne haram. Mutanen da suka girma cikin wannan hali sun san kowace ƙofa da iyakarta, har suna koya wa ƴaƴansu tun suna ƙanana don kada su jawo wa kansu fitina. Ba za a ga laifinsu ba. A 1955 an kashe wani yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Misisipi, bisa zargin ya yi wa wata baturiya rashin kunya, kotu kuma ta sallami waɗanda suka kashe shi. Uwar da ta ji wannan labari, in ta ce wa ɗanta ya sunkuyar da kai, ƙauna ce ta sa ta.

Malama Luper tana koyar da tarihi a makarantar Dunjee, ta baƙaƙen fata zalla, a wajen gari. A nan ne aikinta ya saka ta tsaka mai wuya. Manhajar tarihin Amurka cike take da kalmomi masu daɗi: takardar shelar ƴancin kai ta 1776 da ta ce an halicci mutane daidai, gyaran tsarin mulki na 14 da aka yi a 1868 wanda ya yi alkawarin doka za ta kare kowa ba bambanci, sai kuma hukuncin kotun ƙoli na 17 ga Mayu 1954 da ya ce raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Duk wannan tana rubuta shi a allo, a cikin makarantar da shekaru bayan hukuncin ba ta da ɗalibi farar fata ko guda. Malami yana da hanya biyu a irin wannan wuri. Ko dai ya koyar da kalmomin a matsayin abin hadda, a rubuta a jarrabawa a manta, ko kuwa ya koyar da su a matsayin gaskiya, ya shirya wa abin da zai biyo baya. Yawancin malamai, a can da ko'ina, ta farkon suke bi, kuma albashinsu ba ya raguwa.

A 1957 aka ba ta jagorancin reshen matasa na ƙungiyar NAACP a birnin Oklahoma, ƙungiyar da tun 1909 take fafutukar hakkin baƙaƙen fata ta hanyar kotu. Labarin Montgomery na nan ɗanye a lokacin: Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a cikin bas ran 1 ga Disamba 1955, baƙaƙen fatan garin suka ƙaurace wa motocin kwana 381, suna tafiya aiki a ƙasa, har aka soke dokar. Malama ta rubuta wasan kwaikwayo a kan Martin Luther King da dabararsa ta neman hakki ba tare da ɗaga hannu a kan kowa ba, ta sa masa suna Brother President, ta raba wa yara matsayi. Wasan ya yi farin jini, har shugabannin ƙungiyar suka gayyace su su je su nuna shi a birnin Niyok.

Wannan tafiya ita ce ainihin darasin, ko da yake babu allo a cikinta. Da yawa daga cikin yaran ba su taɓa fita daga jiharsu ba. A zuwa aka bi da su ta hanyar arewa, inda babu dokar wariya a gidajen abinci, suka zauna a kan kujera tare da Turawa, aka kawo musu abinci a faranti, babu wanda ya ɗaga kai ya dube su, sama kuma ba ta faɗo ba. A dawowa aka bi ta kudu, suka sake cin karo da allunan da suka saba gani da ƙofofin baya. Da ba su ɗanɗana ba, da sun ci gaba da ɗaukar abin kamar zafin rana, wanda ba a kai ƙararsa wurin kowa. Yanzu sun gani da idonsu cewa mutane ne suka shirya shi, a wani gari kuma mutane sun shirya akasinsa.

Ba su fara da zanga-zanga ba. Watanni da dama suka yi suna rubuta wasiƙu, suna aika wakilai wurin masu kantuna da hukumomin gari, har da shugabannin majami'u. Amsar ba ta wuce iri biyu: ko a ce ba za a yi ba, ko a ce lokaci bai yi ba. Masu kantunan suna cewa su ba su da ƙiyayya da kowa, tsoro suke kada Turawa masu saye su gudu. Wannan ba ƙarya ba ce tsagwaronta, lissafin ɗan kasuwa ne. Abin da suka manta su saka cikin lissafin shi ne baƙaƙen fata ma masu saye ne.

Ran 19 ga Agusta 1958 yaran suka taru a gidan Malama. Ƴarta ƙarama, Marilyn, ita ce ta kawo shawarar a daina rubutu, a tafi kantin magani na Katz da ke tsakiyar gari, a zauna a kan kujerun nan, a nemi Coca-Cola, kada a tashi sai an kawo. Yaran suka amince, suka juyo suna kallon malamarsu. A littafin da ta rubuta daga baya, Behold the Walls, wanda ya fito a 1979, ta ba da labarin abin da ya faɗo mata a rai a wannan lokaci, wato mahaifinta, wanda ya rasu a 1957 bai taɓa zama ya ci abinci a gidan abincin kirki ba. Yakan yi wa ƴaƴansa alkawarin wata rana zai kai su cin abinci, ya kai su wuraren shaƙatawa. In suka tambaye shi yaushe ne wata ranar, sai ya ce ta kusa, idonsa cike da hawaye. Ga shi yau ita ake yi wa tambayar, kuma amsar mahaifinta tana nan a kan harshenta, ba ta da wuyar faɗi, babu wanda zai zarge ta in ta faɗe ta. Ta ɗauki yara 13, har da nata biyu, Calvin da Marilyn, suka tafi. Mafi yawansu ba su wuce shekarun ƴan koleji ba, wasu ma ba su kai ba.

Wata yarinya ƴar shekara 15, Barbara Posey, ita ce bakinsu. Ta nemi a kawo musu Coca-Cola 13. Aka ce ba a ba irinsu a zaune. Suka ci gaba da zama, cikin tufafinsu masu tsabta, ba hayaniya. Turawan da ke cin abinci wasu suka tashi suka fita, wasu suka tsaya zagi, aka tofa musu yawu, aka ture su. Malama ta riga ta horar da su a kan wannan tun a gida: in an zage ka kada ka rama, in an buge ka kada ka ɗaga hannu, kada ka ba ɗan sanda dalilin da yake nema. Duk wanda ya taɓa riƙon aji na yara ƴan shekara 13 ya san cewa sa su yi shiru na minti 10 ma aiki ne, balle a ce su haɗiye zagi da yawu na sa'o'i. Suka zauna har aka rufe kanti, washegari suka dawo. Kwana biyu bayan zaman farko aka kawo musu abin da suka nema, shugabannin kamfanin da ke birnin Kansas kuma suka buɗe teburan kantunansu na wasu jihohi ga kowa.

Littattafan tarihi da yawa suna fara labarin irin wannan zaman dirshan daga ɗaliban jami'a 4 na Greensboro, a Fabrairun 1960. Yaran Oklahoma sun riga su da shekara ɗaya da rabi, matasan garin Wichita na jihar Kansas kuma sun riga na Oklahoma da wata guda. Amma ba rigen-rigen ne abin lura ba.

Abin lura shi ne girman burin yaran. Ba su ce za su gyara Amurka ba. Kujera suka nema da kwalbar lemo, abin da kowa zai iya gani ya ce an bayar ko an hana. Babba yakan raina irin wannan buƙata, ya ce ana maganar ƴanci kana maganar lemo. Alhali buƙatar da ba ta da siffa ita ce mai sauƙin kashewa da jawabi da kafa kwamiti. Mai kanti ba shi da inda zai ɓuya: ko ya zuba lemon, ko ya hana yarinya ƴar shekara 10 a gaban ƴan jarida. Gwanintar Malama Luper a nan take. Ba ta cusa wa yara manyan kalmomin da suka fi ƙarfin bakinsu ba, ta bar su suka zaɓi abin da ke yi musu ciwo, ita kuma ta koya musu tsari: a bincika, a nemi sulhu, a faɗakar da jama'a, sai in duk sun ƙi ci a fita.

Nasarar Katz ta zo da wuri, har ta sa wasu suka zaci aikin na mako guda ne. Babban kantin John A. Brown ya ƙi, aka yi ta zuwa ana zama ana dawowa kusan shekara 3, sai a 1961 ya sauko, bayan baƙaƙen fatan birnin sun ɗauke cinikinsu daga kantunan tsakiyar gari. A nan ne lissafin da masu kantuna suka manta ya dawo musu. Aka bi gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, da otal-otal, da wuraren wasan yara, har da majami'un da ba sa karɓar baƙar fata ranar Lahadi. Yaran da suka fara suna ƴan shekara 12 sun zama samari da ƴan mata a cikin wannan zirga-zirga, ƙannensu suka shigo. Sai a watan Yunin 1964 majalisar birnin ta hana wariya a wuraren da jama'a ke shiga, ran 2 ga Yuli kuma shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta hana ta a ƙasar baki ɗaya.

Akwai tambayar da ba za a tsallake ba: shin daidai ne malami ya kai yaran mutane inda za a tofa musu yawu, ko a yi musu abin da ya fi haka? Manya da yawa a cikin baƙaƙen fatan kansu ba su so ba. Tsoronsu kuma ba na banza ba ne. A watan Mayun 1963, a birnin Birmingham na jihar Alabama, aka saki karnuka da ruwan kashe gobara a kan ƴan makaranta masu jerin gwano, aka kulle ɗaruruwansu. Malcolm X ya soki shugabannin da suka sa yara a gaba, ministan shari'a Robert Kennedy ma ya nuna rashin jin daɗinsa. A watan Satumba na shekarar aka dasa bam a wata majami'a ta garin, ƴan mata 4 suka mutu, ɗaya mai shekara 11, sauran 14. Masu kare dabarar suna cewa uba in ya fita zanga-zanga da safe, da yamma an kore shi daga aiki, mai gidan haya ya watso masa kaya waje, yaro kuwa ba shi da ubangidan da zai kore shi. Suna ƙarawa da cewa wariyar ba ta jira yaro ya balaga kafin ta taɓa shi. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu, kuma uwar da ta hana ɗanta fita ba matsoraciya ba ce.

Abin da ya wanke Malama Luper shi ne inda ta tsaya. An san irin manyan da ke zuga ƴan makaranta su fita, su kuma su koma gida su kunna rediyo su ji yadda aka ƙare, nasu ƴaƴan suna ɗaki a kulle. Ita ƴaƴanta suna kan kujerun farko, ita ma tana wurin. Ma'aikaciyar gwamnati ce, albashinta a hannun hukumar da Turawa ke riƙe da ita yake, kuma ta san haka sarai. Sau 26 ƴan sanda suka kama ta a tsawon rayuwarta. Ana yi mata barazana ta wayar tarho da wasiƙu. Duk da haka da safe tana aji da allinta, sai da ta cika shekara 41 tana koyarwa kafin ta yi ritaya a 1989, kuma daga baya har yaran Turawa ta koyar, a makarantun da a dā ba za a bar ta ta taka ƙofarsu da sunan malama ba.

Kujerar kanti ta samu, sauran burin ya fi ta nauyi. Da yaran suka girma suka tarar cewa izinin zama a gidan abinci ba ya amfanar wanda ba shi da kuɗin abincin, shi ya sa a 1969 aka ga Malama a sahun gaba na yajin aikin masu kwasar sharar birnin, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne masu ƙaramin albashi. Maganar makarantu kuwa, wadda daga ita aka faro, ta fi kowace jan ƙafa. Sai a 1972 wani alƙalin tarayya ya tilasta wa hukumar makarantun birnin Oklahoma ta riƙa kwasar yara a mota daga wannan unguwa zuwa waccan don a cakuɗa su. A 1985 hukumar ta mayar da ƙananan yara makarantun unguwanninsu, kuma da yake unguwannin a rabe suke tun asali, makarantu da dama suka koma kusan launi ɗaya. Iyaye suka koma kotu, a 1991 kotun ƙoli ta ce umurnin cakuɗa yara ba na har abada ba ne, ana iya ɗage shi in hukuma ta nuna ta bi shi da gaskiya na wani lokaci. Malama tana raye ta ga wannan duka. Ta rasu ran 8 ga Yuni 2011, tana da shekara 88.

Bayan rasuwarta hukumar makarantun birnin ta sa wa babban ofishinta sunanta. A jihar da aka shekara da shekaru ba a koya wa yara labarin kisan da aka yi wa baƙaƙen fatan Tulsa a 1921 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a 2021, shekara 100 cif bayan abin da ya faru a Tulsa, majalisar jihar ta kafa wata doka da ta taƙaita yadda za a yi maganar launin fata a cikin aji. Masu goyon bayanta suka ce ba ta hana koyar da tarihi ba, tana hana a sa yaro ya ji shi mai laifi ne saboda launin jikinsa. Malamai da yawa kuwa suka ce kalmomin dokar ba su fito fili ba, ba su san inda iyakar take ba, kuma wanda aka samu da ƙetare ta yana iya rasa takardar izininsa ta koyarwa. Wasunsu suka fara janye littattafai daga jerin abin da za a karanta, tun kafin kowa ya kai ƙararsu.